Godiyar Da Ta Ƙi Ɗaukar Ciki

Kafin a kira godiya juya a kai ta kasuwa, a bari likitan dabbobi ya duba ta.

Sau da yawa lokaci ne ake kuskurewa. Godiya kan nemi namiji kusan duk bayan kwana 21, ta yi kwana 5 zuwa 7 a haka, amma sai a kwana biyun ƙarshe take sakin ƙwai. Wanda ya kai ta barbara ranar farko kaɗai, da wuya ya dace.

Abin da ya fi damuna shi ne ciwon mahaifa, domin ba ya nuna kansa. Godiya tana ci, tana sheƙi, alhali ruwa ya kwanta mata a ciki bayan barbara. Likita zai gano shi da na'urar hoton ciki, ya wanke mahaifar, ya yi allurar da za ta matso ruwan waje. Tsohuwar godiya kuwa, wadda farjinta ya saki har iska da kashi ke shiga, ɗan ɗinki ake yi mata, a warware shi gab da haihuwa.

Shi ma ingarman a gwada maniyyinsa. Ba kullum ne matsalar take wajen godiya ba.