Jawabi A Kan Rahoton Da Wakili Ke Kai Wa Mai Dukiya



An umurce ni in yi magana a kan rahoton ciniki, watau bayanin da wakilai da akawuna ke kai wa mai dukiya don ya san halin da dukiyarsa ta ke ciki. Na san wani zai ce, ina ruwan ma'aikacin En'e da sha'anin kanti? To, ai tun da aka mai da mulkin En'e ƙananan hukumomi a 1976, da yawa daga cikinmu suka koma kasuwa, waɗansu kuma 'ya'yansu ne ke riƙe da shaguna da kamfanoni. Ban da wannan, aikin ba baƙo ba ne gare ku. Mai unguwa ya kai wa dagaci ƙidaya, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai gaban Sarki, Ma'aji kuwa ya gwada abin da ya shigo Baitulmali da abin da aka ƙiyasta. Ɗan kasuwan da harkarsa ta yi faɗi, shi ma haka ya ke. Ba ya iya zuwa ko'ina da ƙafarsa, sai ya gani da idon waɗansu.

Ku tuna da cinikin gyaɗa bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Attajiri ya kan raba wa yaransa kuɗi su shiga ƙauyuka saye. Yana zaune a birni, abu uku ya ke bukatar ji daga kowanne: buhu nawa aka auna, nawa ya rage a jaka, nawa ke hannun mutane. In waɗannan suka zo masa daidai, kuma da wuri, ya san inda zai ƙara kuɗi da inda zai janye. Yau da na'ura a ke lissafi, amma tambayoyin ba su sāke ba.

Sharaɗi na farko shi ne rahoto ya iso a kan kari. Lissafin ƙarshen shekara na masu hannun jari ne da masu karɓar haraji. Mai gudanar da ciniki kuwa na mako ya ke so, ko na wata, tun ana iya gyara. Ga misali daga Amurka. A 1924 Alfred Sloan, shugaban kamfanin motoci na General Motors, ya fita rangadi wurin dillalansu, sai ya tarar da motoci jibge ba mai saye, alhali masana'antu na ta ƙera waɗansu. Dalili kuwa, da zarar mota ta bar masana'anta ta isa hannun dillali, sai a ɗauka ta sayu. Ya sa aka rage ƙira, aka kuma kafa doka kowane dillali ya riƙa aiko da lissafi duk kwana goma: mota nawa mutane suka saya, nawa aka yi oda, nawa ke ajiye. Daga nan sai ƙira ta riƙa bin abin da kasuwa ta ɗauka.

Sharaɗi na biyu, kada adadi ya zo shi kaɗai. In akawu ya rubuta cewa an sayar da buhu 400 a watan nan, bai gaya maka kome ba tukuna. Sai ya jera shi da abin da aka ƙiyasta, da na watan jiya, da na irin wannan wata bara, don cinikin kaka dabam ya ke da na bazara. Sa'an nan ya ɗauki wurin da bambanci ya yi yawa ya faɗi dalili, ya bar sauran. Rahoton da ya cika shafi talatin, ya ba kowane kwabo muhimmanci ɗaya, ɓoye magana ya ke yi. Ubangida zai gaji tun bai kai inda ɓarnar ta ke ba.

Sharaɗi na uku, a raba riba da kuɗin hannu. A ce cikin buhu 400 ɗin nan, 300 bashi aka bayar. A takarda an ci riba, amma akwati wayam, ga albashi ya zo, ga mai kaya na jiran nasa. Saboda haka rahoto nagari ya kan jera masu bashi bisa ga daɗewarsu: wanda bai kai wata ba, wanda ya wuce wata uku, da wanda aka fara fid da rai. Haka kuma kayan sito, a riƙa ƙirga su da hannu a gwada da littafi. Mai riƙe da mabuɗin sito kada ya zama shi ne mai riƙe da littafin, kamar yadda ba a bar mai karɓar jangali ya binciki kansa ba.

Yanzu na zo kan cutar da ta fi kowace wuyar magani, ita ce tsoron ubangida. A 2015 aka binciki kamfanin Toshiba na ƙasar Japan, aka tarar an yi shekaru ana kumbura riba, har ta kai kimanin yen biliyan 152. Masu binciken suka ce manya ne ke ɗora wa na ƙasa adadin ribar da ba ta samuwa, al'adar gidan kuwa ba a musa wa na gaba. Da abin ya gagara a kasuwa, sai aka samo shi a takarda. Shugaban kamfanin ya sauka a wannan shekara. A 2016 kuma aka ci bankin Wells Fargo na Amurka tarar dala miliyan 185, don ma'aikatansa sun yi ta buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba. Da yawan asusun da mutum ya buɗe a ke auna ƙwazonsa, shi ya sa suka cika lissafi da asusun banza.

Ku duba, jama'a. A wuraren nan biyu akwai akawuna masu ilmi, akwai na'urori, rahoto na zuwa a kan lokaci. Abin da ya ɓace shi ne wanda zai iya tsayawa gaban babba ya ce, "Ranka ya daɗe, an yi hasara." Duk wanda ya taɓa zuwa ƙidaya cikinku ya san wannan. In hakimi ya nuna ba ya son jin cewa mutane sun yi ƙaura ko shanu sun mutu, bana za a kawo masa adadin bara, talakan da ya rage shi zai ɗauki nauyin wanda ya tafi.

Saboda haka nauyin gaskiyar rahoto rabi na kan mai rubutawa, rabi na kan mai karɓa. Kai mai dukiya, in yaronka ya kawo maka mugun labari da wuri, ka zaunar da shi ku nemi dabara, ka bar faɗa ga wanda ya ɓoye. Kada ka auna shi da abu guda, don zai kula da wannan ya saki sauran. Kada ka nemi rahoton da ba za ka karanta ba, gama in akawu ya lura ba a dubawa, sai ya fara cikawa da ka. Lokaci lokaci kuma ka tashi ka je da kanka ba da sanarwa ba, don gani ya kori ji.

Kai kuma akawu, ka sa mugun labari a shafin farko, ka rubuta abin da ka ƙirga dabam da abin da ka ke zato, ka sa hannu ga abin da za ka iya maimaitawa gaban mai bincike. Dukiyar da ka ke lissafawa amana ce, akwai kuma iyalai da yawa da ke ci daga cikinta.

Allah ya ji ƙan magabatanmu da suka koya mana riƙon littafi, ya ba mu ikon riƙe amana.