Jawabin Magatakarda: Yaranmu da Ke Aiki Su Kaɗai Amana Ne

Shugaba, iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, 'yan'uwa 'yan kasuwa, barkanmu da zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu. Allah ya maimaita mana.

Ofishin magatakarda ya nemi izini mu yi magana a kan mutanen da ba su cikin wannan zaure, alhali da guminsu muke cin abinci: mai gadin sito da ke kwana da buhunan wake shi kaɗai, direban da ke jiran takardun duwan ko kwastan a Dan Isa ko Illela, da yaron da aka tura tashar jiragen ruwa ta Lome ya jira kwantena, a garin da ba ya jin yarensu.

Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro ba sa tafiya ɗai-ɗai. Ayari suke yi ƙarƙashin madugu, in sun sauka zango kuma akwai fatoma mai karɓar su. Yau mota da waya sun sauƙaƙa fatauci, amma sun bar mutum ɗaya da nauyin da ayari ke ɗauka.

Kowa ya tuna rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wadda ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, lokacin da motoci suka jeru a Malanbil, albasa ta ruɓe. Direba yana kwana ƙarƙashin mota makonni, guzuri ya ƙare, iyali na kiran sa, in maigida ya kira kuma tambayar ɗaya ce: “Yaya kaya?”

Kaɗaici irin wannan yana taɓa lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma yana da alamu. Barci ya ƙaurace, abinci ya fita rai, mai fara'a ya koma shiru ko saurin fushi, wanda bai taɓa kuskuren lissafi ba ya fara yi. Wani ya kama shan tiramol don ya jure. In aka ga haka, kada a yi saurin cewa lalaci ne ko rashin gaskiya. Ciwo ne, kuma yana da magani.

Ga abin da muke roƙon kowane maigida:

Na ɗaya, a kira yaro aƙalla sau biyu a mako, a fara da lafiyarsa da ta iyalinsa kafin maganar kaya. In hali ya yi, a yi kiran bidiyo, don labarin zuciya a tambayi fuska.

Na biyu, kafin ya tashi a yanke masa ranar dawowa ko ranar da wani zai canje shi. Jiran da ba a san ƙarshensa ba ya fi komai cin rai.

Na uku, a haɗa shi da wani ɗan ƙungiya ko sarkin zango a garin da zai sauka, ya samu abokin cin tuwo da zuwa masallaci.

Na huɗu, kuɗin abinci da na katin waya su isa kan lokaci. In an rufe iyaka ko mota ta lalace, kada a ɗora masa asarar da ba shi ya jawo ba.

Na biyar, in alamun sun wuce mako biyu, a dawo da shi gida, a haɗa addu'a da ganin likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kware kusa da Sakkwato, da Dawanau a Kano, akwai kuma sashen a babban asibitin Yamai. Wanda ya fara cewa ya gaji da rayuwa kuwa, kada a bar shi shi kaɗai ko na dare ɗaya. A rufa masa asiri, kuma kada a sallame shi don ya yi ciwo.

Daga yau ofishinmu ya buɗe rajista. Duk mai yaro a waje ya ba mu sunansa da garin da yake, mu haɗa shi da 'yan'uwa a can. Kaya in sun salwanta ana mayar da su, amma ɗan mutane amana ne, za a tambaye mu.

Allah ya tsare matafiyanmu, ya sa albarka a kasuwa. Wassalamu alaikum.