Allurar Ƙarin Ruwa Amana Ce A Hannun Mai Sa Ta

  

Duk wanda ya taɓa kwana jinya a asibiti ya san abin da zan faɗa. An kawo yaro da amai da gudawa, ruwan jikinsa ya ƙare, jijiyoyinsa sun lafe. A soka nan, a soka can, uwa tana kuka, lokaci yana ƙurewa. Waɗanda suka ga annobar kwalara ta 1996 a Kano ba sai an ba su labari ba.

To, 'yan'uwa, ƙarin ruwan nan yana da tarihi. A 1832 wani likita a Sikotland, Thomas Latta, ya ɗura wa masu kwalara ruwan gishiri ta jijiya. An daɗe ana amfani da allurar ƙarfe zalla, wadda da mara lafiya ya motsa sai ta huda jijiyar. Sai a 1950 wani likita a Amurka, David Massa, ya fito da wadda muke kira kanula. Siririyar roba ce ta lulluɓe allura. In ta shiga jijiya sai a zare ƙarfen, robar ta zauna.

Yanzu an ƙara sauƙaƙa aikin. Akwai fitilar da ake haska fata da ita jijiya ta bayyana, a rage yawan suka. Akwai kanular da ana zare allurarta take rufe tsininta da kanta. Kada ku raina wannan. Allurar da ta taɓa jinin mai ciwon hanta nau'in B, in ta soki wanda bai yi rigakafi ba, haɗarin kamuwa yana iya kaiwa 30 cikin 100. Na ƙanjamau kusan 3 cikin 1,000 ne.

Amma fa kayan aiki ba ya ɗauke amana. In ka kai ɗan'uwa asibiti, ka tabbata a gabanka aka ɓare sabuwa, an wanke hannu, an goge fatar. In wajen ya kumbura, ko ya yi ja, ko yana zafi, ka kira ma'aikacin jinya nan take. In an gama ƙarin ruwan, ka tambaya ko za a cire ta. Kuma don Allah, wanda bai koyi aikin ba kada ya sa wa kowa a gida ko a kemis da sunan taimako. Ka ba mai gudawa ruwan gishiri da sukari, ka garzaya da shi asibiti.

Ku matasa, ku shiga karatun jinya da likitanci. Al'ummarmu da aka bari cikin talauci tana buƙatar hannuwa ƙwararru masu tsoron Allah. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.