Jawabin Kwamitin Walwala Kan Kutsen da Ake Yi wa Wayoyin Malamai



Abin da ya sa muka nemi wannan lokaci shi ne abin da ya sami wata 'yar'uwarmu a zangon karatun da ya gabata. Wani ya kira ta da murya mai ladabi, ya ce za a yi taron ƙungiya ta intanet, ya roƙi ta karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarta, ta kuwa karanto. Kafin la'asar WhatsApp ɗinta ya koma hannunsa. Da sunanta da hotonta ya shiga zauren malamai yana neman rancen kuɗin asibiti, wasunmu kuma suka tura, saboda mutuncinta suka duba.

Waɗannan lambobi su ne makullin gidan. WhatsApp yana aiko su ne idan ana son ɗora lambar mutum a kan wata waya, don haka wanda ka ba su, shi ka miƙa wa asusunka. Wanda abin ya riga ya shafa, ya sake rajistar lambarsa nan take. Da zarar ya shigar da sababbin lambobin da za a aiko masa, an fitar da ɓarawon. Idan ɓarawon ya riga ya sanya nasa lambobin sirri, jiran na iya kai kwana 7. A wannan tsakani a kira dangi da abokan aiki a faɗa musu kada su tura ko kwabo, shugabannin zaure kuma su cire lambar har al'amari ya daidaita.

Rigakafi dai ya fi magani. Na farko, kowa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato lambobin sirri shida da shi kaɗai ya sani. Na biyu, a daina ɗage sabunta manhaja saboda tsadar data. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitoci a Ingila suka soke ganin marasa lafiya, alhali tun a watan Maris kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran da ke toshe wannan ƙofa. Kwamfutocin da ba a sabunta ba su ne suka kamu. Kwamfutar da ke ofishin shugaban makaranta, wadda ke ɗauke da sakamakon jarrabawar yaranmu, ita ma tana buƙatar sabuntawa, da kuma kwafin ajiya a wani wuri daban. Na uku, kada kalmar sirri ɗaya ta buɗe imel da Facebook da asusun albashi. Banki kuwa ba ya kiran kowa ya tambayi lambar sirrin katinsa. Mai tambayar ta ɓarawo ne.

Muna roƙon kada a yi wa wanda aka damfara dariya. Jin kunya ke sa mutum ya yi shiru, ɓarawo kuma ya ci gaba da cutar jama'a da sunansa. Kafin mu watse, mu fito da wayoyinmu mu kunna wannan kariya tare. Wanda ya iya ya nuna wa na kusa da shi, idan mun koma gida kuma mu nuna wa iyalanmu.