Ƙuri'ar Monita Da Ƙuri'ar Shugaban Ƙasa: Jawabi Ga Iyayen Yara A Magazin, Kumasi

Malamanmu, sarakunanmu na Zango, shugabannin Fulani, fataken shanu da dillalai, da makanikan Magazin waɗanda ke ɗaga mana motocin dabbobi idan sun kwanta a hanyar Bolga, muna gaishe ku, muna gode muku da kuka bar sana'a kuka zo.

Abin da ya tara mu shi ne 'ya'yanmu da ke makarantun firamare, da batun koya musu zaɓe tun suna aji. Mun san akwai mai cewa yaron da bai iya ɗaure maraƙi ba ina ruwansa da akwatin ƙuri'a. To, a saurari wannan lissafi.

A zaɓen shugaban ƙasa na 2008, ƙuri'un da Hukumar Zaɓe ta Gana ta soke a zagayen farko sun haura 200,000. Da aka je zagaye na biyu, har aka dangana da mazaɓar Tain a ranar 2 ga Janairu 2009, marigayi Atta Mills ya rinjayi Nana Akufo-Addo da ƙuri'a 40,000 da 'yan kai. Wato ƙuri'un da suka lalace sun ninka tazarar da ta ba da mulki kusan sau biyar. Masu waɗannan ƙuri'u sun yi sammako, sun sha rana a layi, suka koma gida suna tsammanin sun zaɓa. Wani ya dangwala wa mutum biyu. Wani ya dangwala daidai, amma wajen naɗe takarda ɗanyar tawada ta shafi wani ɗan takara. Duk wanda ya taɓa raka dattijo daga ruga zuwa rumfar zaɓe ya san yadda hannu ke rawa a wurin, don mutum bai saba da takarda ba.

Wannan kuwa abu ne da malami zai koyar a yini guda, kuma ba ya bukatar kuɗin kirki. Kowane aji yana da monita. Maimakon malami ya nuna wanda ya ga dama, sai a yi zaɓe sosai. A fara da rajista: kowane yaro ya zo a rubuta sunansa a ba shi ɗan kati, wanda bai yi ba kuma a hana shi ƙuri'a ran zaɓe, ko da ɗan hedimasta ne. Kukan da zai yi ran nan ya fi masa bulala amfani. Masu neman kujera su tashi su faɗi abin da za su yi wa aji, game da shara ko alli ko ruwan sha. Kowa ya ɗauki alama, ƙwarya ko sanda ko sifana. Kada a kuskura a sa giwa ko laima ko zakara, waɗannan na jam'iyyu ne, kuma aji ba dandalinsu ba ne.

Sai a sami bokitin roba mai garai-garai a huda murfin, a nuna wa kowa cewa babu kome ciki kafin a rufe, kamar yadda ake yi a ƙasar nan tun zaɓen 1996, lokacin da aka kawo akwatunan da ake ganin cikinsu. A kewaye lungu da tabarma don kada wani ya leƙa. Yaro ya dangwala babban yatsa, ya goge shi, ya naɗe takarda a tsaye yadda tawada ba za ta hau kan wani ba. A nan ya kamata malami ya daɗe, a maimaita har hannu ya saba. In an gama a zazzage a kan tebur, a ƙirga da ƙarfi gaban wakilin kowane ɗan takara, a ware waɗanda suka lalace, a ɗaga su ɗaya-ɗaya yara su faɗi abin da ya ɓata su. Malamin lissafi ma ya sami darasi, domin tsarin mulkin 1992 ya ce sai wanda ya haura rabin ƙuri'u yake zama shugaban ƙasa. A aji mai yara 41, nawa ne ya haura rabi? In babu wanda ya kai, a sake tsakanin biyun da ke gaba. Wanda ya faɗi ya sa hannu a takardar sakamako, ya miƙa wa ɗan'uwansa hannu.

Ba mu ne muka ƙago wannan ba. Hukumar wayar da kan 'yan ƙasa ta NCCE, wadda aka kafa a 1993, tana da ƙungiyoyin ɗalibai a makarantu, jami'an Hukumar Zaɓe kuma sukan je su gudanar da zaɓen shugabannin ɗalibai idan makaranta ta gayyace su. Makarantun Islamiyyarmu da ke ƙarƙashin gwamnati suna da wannan dama kamar kowa. Gayyatar ce ba mu cika yi ba.

Mu makiyaya muna da dalili na musamman. Dattawan Zango ba su manta da dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ba, kuma tun daga nan wasu gidaje suka ɗauki duk wata takardar hukuma abin gudu. Ga kuma yadda akan tare Bafulatani a wurin rajista a ce shi baƙo ne. Yaranmu su san doka: wanda aka haifa bayan tsarin mulkin 1992 ya fara aiki ɗan Gana ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, kuma da ya cika shekara 18 yana da ƙuri'a. Wanda ya shigo da shanu daga Burkina ko Nijar don kiwon rani, shi kam ba shi da ita, kada wani ɗan siyasa ya ruɗe shi ya jefa mu duka cikin zargi.

Kada kuma malamai su tsaya kan shugaban ƙasa. Majalisar gunduma ce ke yin dokokin dabbobin da suka shiga gona ko gari, da tara, da kuɗin kara. Rigimar Agogo ta nuna mana abin da kan faru idan ana yanke hukunci kan shanu babu mai shanu a zauren. Zaɓen wakilan gunduma ba na jam'iyya ba ne, mutane ba su cika fita ba, saboda haka ƙuri'ar unguwa ɗaya kan yi nauyi.

Abin da muke roƙo, kowane uba ya sami hedimasta kafin wannan zangon karatu ya ƙare ya nemi a zaɓi monita da ƙuri'a. Mu a ƙungiya mun ɗauki nauyin bokiti da tawada da takarda. Yara kuma in sun koma gida, a bar su su gwada wa kakanninsu naɗin takarda. Allah Ya ba mu zaman lafiya.