Jawabin Kwamitin Ƙungiya A Kan Gayyar Kafe Tudu



Kowa ya ga yadda rairayi ke gangarowa cikin kwarinmu, har ya soma binne dabinon da ke gefen gabas. Abin da ya ci kwaruruka da dama a ƙasar Gure ke nan. Ran gayyar da ta wuce mun fito da yawa, har muka yi murna, amma da la'asar shingen kalimbon da muka kafa bai kai na magidanci biyar masu zuciya ba. To, ina ƙarfinmu ya tafi?

Ba mu zo kiran kowa rago ba. Abin nan masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da auna shi. Wani injiniyan aikin gona na Faransa, Ringelmann, ya sa mutane jan igiya, ɗai-ɗai da kuma a taro, ya buga sakamakon a 1913: mutum takwas tare, wajen rabin ƙarfinsu kawai ke fita. A 1979 wasu malamai a Amurka suka gwada da tafi da ihu, suka sami haka nan. Suka ba abin suna, wanda mu za mu ce lalacin taro. Wato himma takan ragu idan mutum ya san ba mai gane nasa aikin a cikin na jama'a. Ba ƙyuya ba ce ta ganganci, shi kansa mai yi sau da yawa bai sani ba.

Iyayenmu ba su karanta wannan ba, amma ku tuna gayyar noma. Kowa da kunyarsa, ba wurin ɓuya. Makaɗi na biye da shi yana kiran sunansa da na ubansa, ƴan mata na kallo. Haka samariya ta gina azuzuwa zamanin Seyni Kountché, bayan 1974, unguwa na kishin unguwa. Mu ne muka yar da wannan, muka koma zuwa a dunƙule kamar taron suna.

Saboda haka ga shawarar kwamiti. Asabar mai zuwa za a auna tudun da igiya, a yanka wa kowane mutum biyar rabonsu, a kafa turke da sunan unguwarsu. Da yamma Maigari zai zaga ya duba. Mun kuma aika wa makaɗi goro. Kowa ya zo da gatarinsa da ruwan shansa, a haɗu bakin rijiya bayan sallar asuba.