Idan Aka Tsayar da Motarka, Awa Nawa Doka Ta Ba Ɗan Sanda?

'Yan'uwa, direbobin lori da na raksha, da manoman da ke ɗaukar dawa da riɗi daga Maiwurno zuwa Sinnar, ko daga Singa zuwa Damazin.

Ɗan sandan murur yana da ikon tsayar da kai ya duba lasisi da takardun mota. Ka miƙa masa ba gardama. In tara ce, ka biya, amma ka karɓi rasit na gwamnati. Wannan tsayarwa ce kawai, ba kamu ba ne.

Kamu yana da ƙa'idarsa a Dokar Shari'ar Laifuka ta 1991. Sashe na 79 ya ba 'yan sanda awa 24 kacal su riƙe mutum don bincike. Bayan nan sai da izinin wakilin niyaba, wato mai gabatar da ƙara, shi ma kwana 3 ne iyakarsa. Daga nan magana ta koma hannun alƙali. Sashe na 83 kuma ya hana a taɓa lafiyarka ko mutuncinka, ya ba ka damar neman lauya da sanar da iyalinka.

To ina gizo ke saƙar? A sashe na 68. Ya yarda a kama mutum ba takardar kamu idan an same shi a yanayin da ke jawo zargi kuma ya kasa ba da bayani mai gamsarwa. Mai gamsar da wa? Wanda ya tsayar da kai! Ta wannan ƙofa ake shigo da zancen "baƙuwar fuska", har a tambayi mutumin da aka haifi kakansa a bakin kogin nan ko shi ɗan ƙasa ne. Ƙabila da harshe ba sa cikin dalilan kamu. Muna neman a gyara sashen nan, a tilasta rubuta dalilin kowane kamu da lokacinsa.

Kafin a kai can, in an ce ka sauko, ka tambaya cikin ladabi: "An kama ni ne? A kan wane laifi?" Yaron motarka ya riƙe lokacin da sunan ofishin da aka nufa da kai, ya kira gida nan take. Awa 24 na cika, 'yan'uwanka su wuce ofishin niyaba.